Darasi na 9: Rangwamen Haraji a Kan Inji, Gini da Motar Masana'anta

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta kuɗin hidimar yau da kullum da kuɗin da aka zuba a kan kadara mai daɗewa;
2. gano ainihin abin da inji ya ci, tun daga shago har ranar da ya fara aiki;
3. lissafa rangwamen kowace shekara ta sabon tsari da kuma tsohon;
4. cire rangwamen daga riba domin sanin harajin da ya hau kansa;
5. buɗe littafin kadarori da adana takardun shaida.

Shimfiɗa

Tun da layin dogo ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, wannan yanki na Zamfara ya saba da fitar da amfanin gona. Gyaɗa da auduga ake tarawa a tasha, a loda wa jirgi, a kai wa masu inji a wasu garuruwa. Yanzu inji ya iso gida. A Shinkafi akwai masu casar shinkafar fadama, suna sayen shanshera su fitar da ita fara tas don kasuwar Alhamis. A Ƙaura da Zurmi ga masu matsar man gyaɗa, ga masu niƙa, masu buga bulo, masu gidan burodi da masu ruwan leda. Dukkansu masu sarrafa kaya ne, kuma mafi yawan jarinsu yana kwance a jikin ƙarfe da gini.

Shi kuwa ƙarfe cinyewa yake yi. Duk buhun da inji ya cashe ya rage masa kwana. Wanda ya ƙirga cinikin rana, ya fitar da kuɗin gas da ladan ma'aikata, ya kira sauran riba, to ya haɗa da uwar kuɗinsa ya ci, kamar manomin da ya daka irin baɗi ya yi tuwo. Ba zai gane ba sai ranar da injin ya kwanta.

Dokar haraji ta Najeriya ta san da haka. Shi ya sa ta ba mai masana'anta damar cire kuɗin kayan aikinsa daga riba, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, kafin a yanka masa haraji. Wannan shi ne rangwamen jari. Haƙƙinka ne, amma ba a biyo ka da shi gida. Sai ka nema a rubuce, da lissafi, da takardun shaida.

1. Wace doka, kuma wa ke karɓa?

Shekaru da dama Dokar Harajin Kamfanoni ta 1979, tare da gyare-gyarenta, ita ce ta tsara wannan rangwame ga kamfanoni. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. Babbar cikinsu, Dokar Haraji ta Najeriya ta 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta haɗe harajin kamfanoni da na ɗaiɗaikun mutane a wuri guda. Hukumar haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ita ma ta koma NRS.

Idan masana'antarka kamfani ce mai rajistar Limited a hukumar CAC, NRS za ka kai wa bayanin harajinka, cikin wata shida bayan rufe lissafin shekara. Harajin manyan kamfanoni kashi 30 ne cikin 100 na riba. Idan kuwa kai kaɗai ne da sana'arka, ko da ka yi rajistar sunan kasuwanci, to Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Zamfara da ke Gusau ce taka, kuma wa'adinka 31 ga Maris. A sabon tsari, N800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba su da haraji.

Ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba. Dokar Kuɗi ta 2019 ce ta fara yafe wa duk kamfanin da cinikinsa bai wuce N25,000,000 a shekara ba. Sabuwar doka ta ɗaga wannan iyaka, ta kuma sa sharaɗin kada kadarorin kamfanin su wuce N250,000,000. A lura, ciniki ake dubawa, ba riba ba. Mai sayen shanshera da kuɗinsa yana sayar da shinkafa zai tsallake iyakar da wuri, ko da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kuma wanda aka yafe wa biya ba a yafe masa kai bayani ba.

2. Kuɗin hidima da kuɗin kadara

Kuɗin da masana'anta ke kashewa iri biyu ne. Na farko shi ne wanda amfaninsa ke ƙarewa cikin shekarar: gas, man juye, albashi, buhuna da zare, kuɗin wuta, hayar sito. Waɗannan ana cire su gaba ɗaya daga cinikin shekarar da aka kashe su. Na biyu shi ne wanda aka zuba a kan abin da zai yi shekaru yana aiki: injin casa, injin fidda tsakuwa, janareta, sikeli, ginin masana'anta, mota, tebura da kabad. Waɗannan ba a cire su lokaci guda. Su ne ke bin hanyar rangwamen jari.

Inda ake yawan rikicewa shi ne wurin gyara. Bel ya tsinke an sake, boris ya ci an canza, rariya ta yage an sa wata, an kira makanike ya yi sabis: duk wannan mayar da inji ne yadda yake, saboda haka kuɗin hidima ne. Amma idan aka ƙara wa injin sabon sashe mai goge shinkafa wanda da babu shi, ko aka faɗaɗa sito da ɗaki biyu, to an ƙara kadara, kuɗin zai shiga lissafin rangwame.

Abu biyu ba sa shiga ko kaɗan. Fili ba shi da rangwame, domin ƙasa ba ta cinyewa. Ginin da ke kansa ne kawai ke da shi. Haka kayan sayarwa: shanshera a sito da man gyaɗa a duro haja ce, lissafinta daban.

3. Sharuɗɗan da za a cika

Kafin a nemi rangwame a kan kowace kadara, a tabbatar da huɗu:

(a) Mallakar masana'antar ce. Injin aro ko na haya, mai shi ne ke da rangwamensa. Kai kuɗin haya za ka cire.

(b) Tana aiki a sana'ar a ƙarshen shekarar lissafi. Injin da ke cikin akwatinsa ba a girka ba bai fara cin rangwame ba.

(c) Don sana'ar ake amfani da ita. Idan mai sana'a yana da a-kori-kura, kashi uku cikin huɗu na zirga-zirgarta dakon bulo ne, kashi ɗaya hidimar gida, to kashi uku cikin huɗu na rangwamen kawai zai nema.

(d) An biya abin da doka ta ɗora a kanta wajen saye. Sabuwar doka ta hana rangwame a kan kayan da ya kamata a biya wa harajin VAT ko kuɗin kwastam amma ba a biya ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, mu da ke kusa da iyakar Nijar. Janaretan da ya shigo ta bayan gida ba takardar kwastam zai yi araha ranar saye. Amma a idon mai haraji babu shi a masana'antar. Zai yi shekaru yana cinyewa, mai shi bai cire ko kwabo ba. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai kaya: "Alhaji, akwai rasit mai sunan kamfani da takardar kwastam?" In babu, sai ka sa asarar rangwamen a cikin farashin, ka ga ko arahar tana nan.

4. Nawa inji ya ci?

Kuɗin kadara ba farashin shago kaɗai ba ne. Duk abin da aka kashe har ta tsaya daram ta fara aiki yana ciki. Mu ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa a Shinkafi da ya sayo inji daga Kano. Alƙaluman na koyo ne:

Farashin inji: N36,000,000
Dako da lodi da sauke kaya: N1,500,000
Zuba daɓen kankare, jan wuta da ladan injiniya: N2,500,000
Jimla: N40,000,000

A kan N40,000,000 za a yi lissafi. Masu sana'a da yawa suna adana rasit ɗin inji su manta da sauran, domin direba da magini ba su saba ba da takarda ba. Maganin wannan mai sauƙi ne. A rubuta takarda mai kwanan wata, sunan aiki da adadin kuɗi, wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ta banki aka tura, a fitar da shaidar a haɗa. A misalinmu, wanda ya yar da waɗannan ƙananan takardu ya yar da rangwamen N4,000,000.

5. Sabon tsari: daga 2026

Sabuwar doka ta sauƙaƙa lissafin. Ta raba kadarori gida uku, kowane da kasonsa na shekara, kuma a kan asalin kuɗin ake ɗaukar kason kullum:

Kashi 10 cikin 100: gine-gine. Shekara 10.
Kashi 20 cikin 100: injuna, kayan aiki, tebura da kujeru. Shekara 5.
Kashi 25 cikin 100: motoci da manhajar kwamfuta. Shekara 4.

Ƙa'ida: rangwamen shekara = kuɗin kadara × kason rukuninta.

Akwai ɗan sharaɗi guda. Ba a share kadara daga littafi gaba ɗaya muddin tana hannu. Ana barin kashi 1 cikin 100 na kuɗinta a rubuce har ranar da za a rabu da ita. Abin da ya rage bayan an cire rangwame shi ake kira ragowar daraja. Ga yadda injin N40,000,000 zai tafi:

2026: rangwame N8,000,000, ragowa N32,000,000
2027: rangwame N8,000,000, ragowa N24,000,000
2028: rangwame N8,000,000, ragowa N16,000,000
2029: rangwame N8,000,000, ragowa N8,000,000
2030: rangwame N7,600,000; ragowa N400,000

A shekarar ƙarshe an rage N400,000, wato kashi 1 cikin 100 na N40,000,000. Daga 2031 babu sauran rangwame a kan wannan inji, ko da yana nan yana aiki garau.

Yanzu mu haɗa dukkan kadarorin kamfanin a shekararsa ta farko:

Fili, N6,000,000: babu rangwame
Ginin masana'anta da sito, N30,000,000 × 10%: N3,000,000
Injin casa, N40,000,000 × 20%: N8,000,000
Janareta, N10,000,000 × 20%: N2,000,000
Mota, N16,000,000 × 25%: N4,000,000
Tebura da kabad, N1,000,000 × 20%: N200,000
Jimlar rangwamen shekara: N17,200,000

6. Daga riba zuwa haraji

Duk kamfanin da ke da akanta zai ga a littafinsa an cire wani abu da sunan raguwar darajar kaya. Wannan ƙiyasin kamfanin ne: wani ya ce injinsa zai yi shekara takwas, wani ya ce goma sha biyu. A Nijar, 'yan kasuwar Maraɗi suna cire irin wannan ƙiyasi ne kai tsaye, cikin iyakar da dokarsu ta yanka. A Najeriya ba haka ba ne. Mai haraji ba ya karɓar ƙiyasin kowa. Sai a mayar da shi cikin riba tukuna, sannan a cire rangwamen da doka ta tsara, don kowa ya hau sikeli ɗaya.

A ce littafin kamfanin ya nuna ribar N25,000,000, bayan akanta ya cire N12,000,000 na raguwar daraja. A ce kuma an biya wa 'ya'yan mai kamfani kuɗin makaranta N1,000,000 daga asusun kamfani, aka rubuta cikin hidima. Cinikin kamfanin ya wuce na ƙananan kamfanoni nesa ba kusa ba.

Ribar littafi: N25,000,000
A mayar da raguwar daraja: N12,000,000
A mayar da hidimar gida: N1,000,000
Ribar da aka tantance: N38,000,000
A cire rangwamen jari: N17,200,000
Ribar da za a yanka wa haraji: N20,800,000
Haraji, kashi 30 cikin 100: N6,240,000

Da kamfanin bai nemi rangwame ba, da a kan N38,000,000 za a yanka, harajin ya zama N11,400,000. Bambancin N5,160,000 ne a shekara guda. Wannan kuɗi ya isa ya sayi shanshera mai yawa a kaka, kuma abin da ya tsare shi a hannun kamfanin bai wuce littafi ɗaya da jakar rasit ba.

A sani, akwai harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 da sabuwar doka ta ɗora wa kamfanonin da ba ƙanana ba. Shi a kan ribar da aka tantance ake ɗaukarsa, kafin a cire rangwame. A misalinmu N1,520,000 ne.

To, in rangwamen ya fi ribar yawa fa? A ce shekarar ta zo da ƙunci, ribar da aka tantance N10,000,000 ce kawai. Sai a cire N10,000,000 daga cikin N17,200,000, riba ta koma babu. Sauran N7,200,000 ba su ɓata ba. Ana tura su shekara mai zuwa, a haɗa da rangwamenta. Ko a tsohuwar doka, wadda ta hana yawancin kamfanoni cire rangwamen da ya wuce kashi biyu cikin uku na ribarsu, masu sarrafa kaya da masu sana'ar amfanin gona ba su cikin wannan takunkumi.

7. Tsohon tsari: kafin 2026

Yawancin injunan da ke aiki yau a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi an saye su kafin 2026, kuma mai haraji yana iya komawa baya ya binciki shekarun da suka wuce. Don haka dole a san tsohon lissafi. Shi rangwame biyu ne: na farko, wanda ake ba da shi sau ɗaya a shekarar da kadara ta fara aiki, da na shekara-shekara.

Ginin masana'anta: na farko kashi 15, na shekara kashi 10
Injuna: na farko kashi 50, na shekara kashi 25
Motoci: na farko kashi 50, na shekara kashi 25
Tebura da kujeru: na farko kashi 25, na shekara kashi 20

Ana cire rangwamen farko, sannan a raba abin da ya rage a kan shekarun kadarar. Da a ce a tsohon tsari aka sayi injin N40,000,000, rangwamen farko N20,000,000 ne. Saura N20,000,000, a raba gida huɗu, N5,000,000 kowace shekara. Shekarar farko tana cin duka biyun:

Shekara ta 1: N25,000,000, ragowa N15,000,000
Shekara ta 2: N5,000,000; ragowa N10,000,000
Shekara ta 3: N5,000,000, ragowa N5,000,000
Shekara ta 4: N4,999,990, ragowa N10

A da N10 ake bari a littafi, ba kashi 1 cikin 100 ba. Akwai kuma ƙarin rangwamen kashi 10 a kan sababbin injuna, da rangwamen karkara ga wanda ya kai wa masana'antarsa wuta, ruwa ko hanya da kuɗinsa; Dokar Kuɗi ta 2023 ta soke su biyun.

In aka gwada tsarin biyu, jimlar kusan ɗaya ce, lokacin samu ne ya bambanta. A da, mai sabon inji yana kwasar fiye da rabin kuɗinsa a shekarar farko, daidai lokacin da bashi ke wuyansa. Yanzu kashi ɗaya cikin biyar zai samu. Duk mai shirin sayen inji da rance ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya je banki, domin harajin shekarar farko zai fi na da nauyi.

8. Idan an sayar, ko inji ya tsaya

Ranar da aka sayar da kadara, ragowar darajarta ake gwada kuɗin sayarwa da ita. A tsohon tsari, injin da ragowarsa N10,000,000 ce, in aka sayar da shi N13,000,000, to an ba ka rangwamen da ya wuce ainihin cinyewarsa, sai a mayar da N3,000,000 cikin abin da za a yanka wa haraji. In kuwa N8,000,000 aka saye shi, sai a ƙara maka rangwamen N2,000,000. Da yadda kaya ke tsada yanzu, tsohon inji yakan fi ragowarsa kuɗi. Kada a kashe kuɗin sayarwa duka a manta da rabon hukuma a ciki.

Akwai kuma halin da mutanen wannan yanki suka sani fiye da kowa. A Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka katse layukan waya. Injuna da dama sun tsaya, ba shanshera, ba masu saye. Dokar harajin kamfanoni ta daɗe da tanadin cewa kadarar da ta tsaya na ɗan lokaci ana ɗaukarta tana aiki, rangwamenta bai yanke ba. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta ranar da aka tsaya da dalili, da ranar da aka koma. Idan kuwa an ƙone ko an sace, Allah ya kiyaye, a nemi rahoton 'yan sanda, a ɗauki hoto, a haɗa da takardar inshora in akwai. Da su ne za a nuna wa hukuma cewa kadarar ta fita daga hannu.

9. Littafin kadarori

Duk wannan lissafi a kan littafi ɗaya ya dogara. A sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a ba kowace kadara shafinta. A saman shafi a rubuta sunanta, lambar da ke jikinta, wurin da aka saye ta, ranar saye, ranar da ta fara aiki, da kuɗinta dalla-dalla kamar yadda muka yi a sashe na 4. A ƙasa a ja layi uku: shekara, rangwame, ragowa. Rasit da sauran takardu a sa su a leda a ajiye inda gara da ɗigon damina ba sa kaiwa. A ɗauki hotonsu da waya, domin rubutun wasu rasit yana gogewa. Doka tana son a adana bayanan kasuwanci aƙalla shekara shida. Takardar inji kuwa a riƙe ta muddin injin yana nan.

Wanda lissafin ya yi wa yawa ya nemi akanta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana yaye matasa masu wannan ilimi, ba sai an je Kano ko Kaduna ba. Amma ko da akanta, mai jari ya san abin da ake rubutawa da sunansa, domin shi zai sa hannu, shi za a tuhuma.

10. Rangwame ba ya sayen sabon inji

Rangwame ba kuɗi ne da hukuma ke ba ka a hannu ba. Haraji kawai yake ragewa. Kuma a kan farashin da ka saya yake tafiya, ba farashin yau ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura N1,500. Wanda ya sayi injin waje kafin wannan lokaci, ko ya cire kuɗinsa duka ta hanyar rangwame, ba za su kai shi ko rabin sabo ba.

Saboda haka duk shekarar da ka rubuta rangwame a littafi, ka ware kuɗi na gaske don ranar canji, aƙalla daidai da rangwamen, in da hali fiye. Wasu suna buɗe asusu daban a banki. Wasu suna sayen kayan gyara masu tsada su ajiye tun suna da sauƙi. Kowace hanya aka bi, kada wannan kuɗi ya shiga cefane ko biki. Masana'antar da ta yi wannan ita ce ke wuce injinta na farko, ta ci gaba da riƙe ma'aikatanta da manoman da ke kawo mata kaya.

Taƙaitawa

Kuɗin hidima ana cire shi a shekararsa. Kuɗin kadara ana cire shi kashi-kashi. Kuɗin kadara ya haɗa da dako da girkawa. Daga 2026 kason shekara 10 ne ga gini, 20 ga inji, 25 ga mota, ana barin kashi 1 a littafi. Ana mayar da ƙiyasin akanta cikin riba kafin a cire rangwame. Rangwamen da riba ba ta ɗauka ba ana tura shi gaba. Ba rasit, ba rangwame.

Tambayoyi

1. Ware kuɗin hidima daga kuɗin kadara: sabon sikeli, man juye, sake bel, ginin ɗakin janareta, sayen fili, albashin mai gadi. Wanne ne kadara amma ba shi da rangwame?
2. Mai matsar gyaɗa a Ƙaura ya sayi inji N12,000,000 a 2026, dako N600,000, girkawa N1,400,000. Nawa ne rangwamensa a shekara ta 1 da ta 5?
3. Mai buga bulo a Zurmi ya sayi mota N8,000,000 a 2026. Kashi uku cikin huɗu na aikinta na sana'a ne. Nawa zai nema a shekara?
4. Kamfani ya sayi janareta N6,000,000 a tsohon tsari. Fitar da rangwamen shekarar farko da ragowar daraja.
5. Ribar littafi N9,000,000 ce bayan an cire raguwar daraja N2,000,000. Rangwamen jari N13,000,000. Nawa za a yanka wa haraji, nawa za a tura gaba?

Amsoshi don duba kai: (2) N2,800,000 da N2,660,000. (3) N1,500,000. (4) N3,750,000 da N2,250,000. (5) Babu abin yankawa. N2,000,000 za a tura.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zaɓi inji ɗaya, nasa ko na wani ɗan'uwa da ya yarda. Ya buɗe masa shafi irin na sashe na 9, ya lissafa rangwamensa na dukkan shekarunsa, ya kuma rubuta takardun da ke akwai da waɗanda suka ɓata. A zo da shafin aji mai zuwa, za a duba tare rukuni-rukuni.